Hanyar da Inna ta haddace

Mutumin Maraɗi ba a koya masa tafiya. Da ita ya tashi ya ga ana ci da gida: wannan ya yi Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, wancan ya nufi Kwatano ɗauko kaya, wani yana Agadas, wani kuma sai an shekara kafin a ji ɗuriyarsa daga Abijan. Sai dai kowace tafiya da sunanta. Ko fatauci, ko aikin hajji, ko gaisuwar rasuwa, ko kai amarya, ko neman magani. Ka ce za ka zuba mai a mota ka kwashi iyali don kawai ku je ku kalli ruwa da duwatsu, a unguwarmu ta Bagalam sai an tambaye ka ko lafiyarka ƙalau. Shi ya sa da muka shirya tamu a 2013, cewa muka yi zumunci za mu, wajen Gwaggo a Kumasi. Ba ƙarya muka yi ba, amma ba duka gaskiyar ke nan ba.

Mahaifinmu direban babbar mota ne har ƙarfi ya ƙare. Kakanmu bafataken goro ne da ya yi zaune a zangon Kumasi, can Baba ya yi ƙuruciya, can ya fara karen mota. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Kakanmu ya karyar da abin da zai sayu, suka hau bayan mota suka yo gida da tabarmi da tukwane. Yayar Baba ta riga ta yi aure, mijinta haifaffen can ne, ita ta zauna. Da ƙura ta lafa Baba ya koma wa hanyar, wannan karon sitiyari na hannunsa. Ya ɗauki albasar Galmi ya kai Kumasi da Akra, ya juyo da goro ko katako. A haka ya aurar da mu, a haka ya gina gidan da muke ciki.

Inna kuwa ’yar wani ƙauye ce kusa da Madarunfa, kuma kafin wannan tafiya Katsina ce iyakar inda ta taɓa zuwa. Amma ka tashe ta daga barci ka ce ta jero maka garuruwan da ke tsakanin Maraɗi da Kumasi, ba za ta tsallake ko ɗaya ba. Duk dawowar Baba, bayan isha'i, zai miƙe ƙafa bisa tabarma ya kwashe labarin hanya tun daga Tibiri, ita tana ɓarar gyaɗa tana saurare. A zamanin da babu salula, da wannan haddar take auna inda yake. Za ka ji tana cewa, “Yau ya kwan Doso. Gobe in duwan ba su riƙe shi ba shina Makalondi.” In lissafinta ya cika bai iso ba, ranar ba mai cin tuwo da daɗi a gidan. Shekara arba'in da ɗoriya tana bin hanyar nan da kunne.

Ni malamar tarihi da labarin ƙasa ce a wata koleji a nan Maraɗi. Wata rana ɗan Gwaggo ya sa hotonsa a Facebook, yana tsaye bakin wani ruwa mai faɗi, tsaunuka kore shar sun kewaye shi. Ya rubuta Bosumtwi. Na kai wa Inna wayar ta gani, ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙa wa Baba.

“Malam, wanga hwa? Ba ka taɓa hwaɗa mini shi ba.”

Baba ya sa tabarau, ya matso da wayar, ya nisantar da ita. Ya ce ya sha jin Tonawa, wato mutanen Asante, suna maganar wani tafki nasu, amma bai taɓa zuwa ba. Na ce masa kilomita 30 ne kacal daga Kumasi. Ya yi dariya ya ce a rashin sani kaza ta kwana kan dami, kuma ko da ya sani, wa zai bar buhun albasa yana ruɓewa ya tafi kallon ruwa? Inna ba ta yi dariya ba. Abin da ya tsaya mata shi ne akwai wuri a kan hanyarta da babu shi a cikin haddarta.

Kuɗin daga adashi ya fito, nawa da na Inna da na matar Yaya. Motar ta Yaya ce, Toyota Hiace da yake jigila da ita tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa. Muka jira aka yi ƙaramar salla, lakwal tana hutu, muka haɗa takardu: katin ɗan ƙasa, katin allurar shawara, inshorar mota ta ƙasashen CEDEAO. Inna ta yi dambun nama da ƙuli-ƙuli, ta daka yaji, ta sa aka sayo kilishi, ta ɗaure wa Gwaggo kuka da kuɓewa busasshiya da daddawar batso, wai ta ji an ce ta can ba ta kama miya. Muka cika motar: Baba a gaba kusa da Yaya, Inna a bayansa jikin taga, ni da maigidana da yaranmu, matar Yaya da nasu, sai Auta da ke can baya tare da buhunan tsaraba.

Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne, kuma duk tsawonsu Inna ce mai shela. Kafin allo ya bayyana ta riga ta faɗa. Gidan Rumji. Mararrabar Madawa. Galmi, inda ta sa aka rage gudu don ta ga rumbunan albasar da ta ciyar da ’ya'yanta. Malbaza da hayaƙin kamfanin siminti. Ƙonni. A Dogon Dutsi ta ɗan ji haushi, ta ce yadda Malam yake kwatanta dutsen ta ɗauka ya fi haka tsawo. Baba ya ce da can ya fi haka, tsufa ne ya kama shi. A Yamai, kan gadar Kennedy, ta fara ganin kogin Kwara, cike da ruwan damina ja wur. Ba ta ce uffan ba har muka ƙetare, sannan ta tambayi Yaya ko za a iya komawa a sake. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, “kai yaron nan” take ce masa ko da yake furfura ta fara fito masa. Ya juya motar, muka sake ƙetarewa.

Akwai wata mata mai tuwo a Kupela, cikin Burkina, da Baba ya yi shekaru yana yabon miyarta a gaban Inna. Mu yara mun ɗauka zancen ya wuce. Ashe Inna tana riƙe da shi. Tun daga Fada Ngurma ta fara cewa yunwa take ji, aka ba ta dambu ta ce ba shi take so ba. Da muka isa, matar ta rasu, ’yarta ce ke riƙe da rumfar. Inna ta yi mata gaisuwa kamar ta san mamaciyar, ta zauna ta ci tuwon a natse, ta sha romo, ta wanke hannu. A mota ta ce, “Ba laihi. Gishiri ya ɗan yi yawa.” Baba ya kama duban hanya da ƙwazo kamar shi ke tuƙi.

Ba zan ɓata lokaci kan shingayen hanya ba. Duk wanda ya taɓa bi ya san yadda takardarka za ta cika amma a ce maka ba ta cika ba, sai ka cika ta da abin da ke aljihu. Nan ne amfanin tsohon direba ya fito: Baba ya san wanda ake yi wa dariya, ya san wanda ake yi wa shiru. Muka bi ta Tenkodogo da Bitu muka shiga Gana ta Kulungugu, hanyar motocin albasa. Baba ya nuna mana garin da aka jefa wa Nkrumah bam a 1962 ya tsira. A Bawku Inna ta yi ciniki da Hausa tamkar tana kasuwar gida, abin ya ba ta mamaki ƙwarai. Wanda ya rikice da kuɗi shi ne Baba, don tun 2007 Gana ta cire sifili huɗu daga sidi, shi kuwa da tsohon lissafi ya saba, sai ya riƙa jin ana faɗa masa farashi yana zaton wasa ake. Bolgatanga, Tamale, gadar Yapei kan farin Volta, ta Buipe kan baƙin Volta. Daga Kintampo ƙasa ta sauya, itatuwa suka yi tsawo suka haɗe kai, Inna ta daina shela ta koma kallo.

Gwaggo tana Aboabo. Ta tsufa, ƙafa ta ƙi, amma murya na nan. Ta rungume Inna tana cewa, “Amaryarmu, sai yau? Direba ya ɓoye ki kamar kuɗin gado.” Suka yi kuka, suka yi dariya, aka shiga jero waɗanda suka rasu a nan da can. Kwanakin farko na zumunci ne tsantsa, gida-gida, kowa da kwanon shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi, safiya kuma koko da ƙosai. Mun leƙa kasuwar Kejetia, mun wuce ta gaban fadar Manhyia, inda Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na biyu yake zaune tun 1999. Inna tana kallo, amma kullum da dare sai ta ja ni gefe ta ce, “To yaushe za a ga ruwan?”

Ɗan Gwaggo ya yi mana jagora, shi ke jin Tonanci. Muka fita bayan asuba, kudu maso gabas, ta Kuntanase. Hanya tana hawa a hankali cikin gonakin ayaba da rogo, babu wata alamar ruwa a gaba, har Auta ya fara cewa an yaudare mu da hoto. Sai wani shinge da ake biyan kuɗin shiga. Bayansa kaɗan hanya ta karya kwana, daji ya buɗe, Yaya ya taka birki ba wanda ya ce masa ya taka.

Yana can ƙasa, nesa, zagaye, shuɗi mai duhu, tsaunuka sun riƙe shi ta kowane gefe, hazon safiya yana kwance a kan rabinsa. Muka fito muka jeru bakin hanya. Mu mutanen tudu da rairayi ne, ruwan da muka sani shi ne Gulbin Maraɗi da ke zuwa da damina ya tafi da rani, da tafkin Madarunfa da kake tarar da shi daidai da ƙafarka. Ba mu taɓa tsayawa a sama muna leƙen ruwa a ƙasa ba. Inna ce ta fara magana. Ta ce, “Ƙwarya ce aka girke, aka cika ta.” Sannan bisa al'ada ta juya wajen Baba don ya yi mata bayani.

Baba bai da bayani. Yana tsaye hannu a baya, baki a ɗan buɗe. Ta ce, “Malam, ina ruwan ga yake tahiya?” Ya ce, “Wallahi Innarsu, ban sani ba. Yau na hwara ganin shi, kamar ke.” Tun da na yi wayo, duk abin da ke wajen ƙofar gida Baba ne ya gani, Inna ce ta ji. A bakin tsaunin nan suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon abu guda, ba wanda ya riga wani. Na ga ta gyara mayafi ta ɗan matsa kusa da shi, abin da ba ta yi a gabanmu.

Sai aka juyo kaina, tunda ni ce mai allo da alli. Na faɗa musu abin da na karanta kafin mu taso. Ba aman wuta ne ya yi ramin ba, dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya sama da shekara miliyan 1 da ta wuce, ya fasa ƙasa. Daga baki zuwa baki ramin kilomita 10.5 ne, ruwan da ke ciki faɗinsa kilomita 8, zurfinsa ya kusa mita 80, tsaunukan da muke tsaye a kai kuma gefen ramin ne da ya tashi, a wasu wurare kusan mita 300 sama da ruwan. Ƙarfin faɗuwar ya narkar da dutse ya watsa shi har cikin Kodebuwa, inda aka tsinci ɓarɓashinsa. A 2004 masana daga ƙasashe da dama sun kafa na'ura a kan ruwan suka haƙa ƙarƙashinsa don su karanta tarihin yanayi a cikin laka. Amsar tambayar Inna kuwa ita ce ruwan ba ya tafiya ko'ina. Babu kogin da ke fita daga cikinsa. Sama ke ba shi, da ’yan ƙoramu daga tsaunuka, rana kuma ta sha abin da za ta sha. Shi kaɗai ne tafkin da Gana take da shi wanda ba mutum ya yi ba, don babban tafkin Volta madatsar Akosombo ce ta tara shi.

Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Shekara miliyan? Wa ya zamna ya ƙilga?” Baba kuwa dutsen ne ya kama hankalinsa. Ya ce wanda ya jefi rundunar giwa da tsakuwa, wannan ba zai gagare shi ba. Ban yi gardama da kowa a cikinsu ba. A aji ma ba kullum nake samun tambaya mai kyau kamar ta Inna ba.

Gangarar zuwa Abono ita ce ta mayar wa Baba da girmansa. Hanya ce siririya mai kwana-kwana, Yaya kuma direban shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, ƙafarsa na kan birki har muka fara jin ƙauri. Baba ya daka masa tsawa ya tsaya, ya sa Auta ya nemo dutse ya yi waji, aka jira ƙafafun suka huce. Ya ce a gangara inji ke riƙe mota, birki taimako ne kawai, ya sa ta a giya ta ɗaya ya bar ta ta yi kukanta. Haka muka sauka, motar tana gurnani, yara suna ihu, matar Yaya tana salati.

A bakin ruwa abin da ya fara ɗauke mana ido masunta ne. Ba jirgi gare su ba. Kowa yana zaune bisa wani falankin itace mai kauri, ƙafafu cikin ruwa, yana tuƙi da hannu ko da ɓallin ƙwarya, taru a gabansa. Padua suke ce masa. Ɗan Gwaggo ya bayyana mana cewa a wajen Asante ruwan mai alfarma ne, sun yi imani rayukan matattu suna zuwa nan yin bankwana, kuma bisa al'adarsu ƙarfe ba ya taɓa shi. Suna kuma ba da labarin wani maharbi da ya biyo wata dabbar daji da ya harba, ta faɗa cikin ruwan ta ɓace, daga nan aka san wurin. Duk da haka ga jirgi mai inji ɗaure a gefe yana jiran baƙi masu biya, alamar ko a nan ma kuɗi yana da nasa fatawar. Baba ya tsuguna ya daɗe yana kallon wani saurayi da ya miƙe tsaye kan falankin ya watsa taru bai ko girgiza ba. Ya ce shi ya yi tuƙin mota mai ƙafa goma sha takwas, amma wannan ko an ba shi kyauta ba zai hau ba.

Da azahar ta yi aka ɗan yi muhawara. Baba ya naɗe hannun riga zai yi alwala a bakin tafkin, Yaya ya ce ina, ruwan da ake yi wa yanka? A yi da na jarka. Baba ya ce masa ruwa na Allah ne, abin da mutane suka ce a kansa ba ya shiga cikinsa. Matuƙar launi da ɗanɗano da ƙamshi ba su sauya da wata ƙazanta ba, mai tsarki ne. Inna ta ɗiba a tafin hannu ta kurkure, ta ce akwai ɗan kanwa-kanwa a ciki. Baba ya ce wannan daga ƙasar wurin ne, kuma abin da ruwa ya ɗauko daga makwancinsa ba ya ɓata shi, haka malamai suka karantar. Inna ta ƙara da cewa ita da ta tashi kusa da tafkin da kaburburan waliyyai 99 suka kewaye, kuma a garin da har gobe ana kaɗa garaya, ba za ta zo ƙasar mutane ta yi musu fiffiƙa ba. Yaya dai da ruwan jarka ya yi tasa. Muka yi sahu a kan ciyawa, Baba ya ja mu ƙasaru, wasu yaran garin suna tsaye suna kallonmu kamar yadda muka kalli iyayensu.

Abincin rana ƙananan karfasa ne na tafkin, soyayyu ƙayau har ƙaya ake ci, da dokunu da barkono. ’Yata, wadda ke kiran Baba mijinta, ta ce in bai saya mata ƙari ba ta fasa auren. Ya ce dama ya gaji da mace mai ci. Inna ta ciro yajinta daga jaka, mai kifin ta ɗanɗana, ƙarshe sai da aka bar mata rabin kwalbar.

Niyyarmu mu zagaye tafkin da mota. Daga Abono muka bi wata hanyar ƙasa da ke rakiyar ruwan, tana hawa tana sauka, ƙauye bayan ƙauye, kowanne da cocinsa da tarunansa a shanye. Ruwan yana ɓuya bayan itatuwa ya sake fitowa, kuma duk fitowa da launin da zai zo da shi, don gajimare na yawo a kansa. Inna ta hana a rufe taga. A wani wuri ta ga wake mai ruwan ƙasa shanye a kan tabarmin gora, tana tambaya aka ce koko ne, wanda ake cakulan da shi. Aka nuna mata itacen, ’ya'yansa manne a jikin gindi maimakon reshe. Ta ce ƙasar nan komai nata a juye yake.

Amma inda ta tsaya cak shi ne gindin goro. Wani manomi ne ya ji ɗan Gwaggo yana cewa daga Nijar muke, ya ce mu biyo shi. Matar da ba a taɓa baiko ko suna ko ɗaurin aure a unguwarmu ba ta raba goro ba, wadda ba ta iya wuni ba ta ɓantara ba, ba ta taɓa tunanin yadda uwarsa take ba. Itace ne dogo mai duhun ganye. Mutumin ya fasa kwanso kore mai gurgunu, sai ga goro jere a ciki cikin farar riga, ya ɓare ɗaya ya miƙa mata, ja jawur, ɗanye. Nan bakin Baba ya buɗe, don wannan gadon gidansu ne. Ya ba da labarin yadda ake jiƙa shi a cire rigar, a zaɓe, a jera cikin ganyen fita a ɗaure huhu, a riƙa buɗewa ana yayyafa ruwa ana fid da mai tsutsa har a isa Hausa. Ya ce kakanninsa da jakuna suke zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fata su karɓo goro a kasuwar Salaga, tafiyar watanni. Inna ta ƙulle goron a bakin zane ba ta ci ba. Ta ce na nunawa ne.

Can gaba muka ga kututturan itatuwa tsaye cikin ruwa, baƙaƙe, nesa da gaɓa. Wani dattijo da ke gyaran taru ya ce wurin da gona ne. Tunda tafkin ba shi da mafita, in aka jera shekarun ruwa sai ya hau, kuma ya sha cin ƙauyuka yana tura mutane su koma sama. Da aka fassara wa Inna sai ta ce ta san wannan zance. Mahaifiyarta ta ba ta labarin ambaliyar 1945, lokacin da Gulbi ya cinye tsohuwar Maraɗi da ke cikin fadama, aka tashi garin aka maido shi kan tudu inda yake yanzu. Ta sa ɗan Gwaggo ya faɗa wa dattijon haka, kalma bayan kalma. Shi bai taɓa jin sunan Maraɗi ba, amma ya gyaɗa kai, ya tambaya ko an samu fid da hatsi. Suka daɗe suna hira ta bakin tafinta, Baba yana gefe yana saurare.

Zagayen bai cika ba. Hanyar ta yi ta ƙanƙancewa har ta koma turbar ƙafa da babur, ga hadari ya taso daga ƙetaren ruwan, muna ganin ruwan sama yana tahowa a kan tafkin tun bai iso mu ba. Wajen juyawa ƙafar baya ta faɗa laka. Maigidana da Auta da wasu samarin ƙauyen suka tura, Baba yana ba da umarni da Hausa da guntun Tonancin da ya rage masa, Inna tana cikin mota ta ƙi fita wai nauyinta ne ke danne tayar. Muka fito jiƙe sharkaf, muka hau gangarar da muka sauko, a giya ta ɗaya, Yaya bai jira an faɗa masa ba.

A hanyar dawowa Inna ta zama wata iri. Duk abin da Baba ya saba wucewa sai ta ce a tsaya. Muka tsaya a faɗuwar ruwa ta Kintampo. Bayan Yamai, wajen Kure, ta ga allo mai hoton raƙumin dawa ta tambaya. Baba ya ce ai suna nan, ya sha hango su daga nesa, abin da ya sani kawai shi ne a rage gudu kada a buge su. Su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma, a tsakiyar shekarun 1990 sun ragu zuwa wajen 50 kafin a tashi tsaye a kare su. Muka ɗauki ɗan jagora muka shiga daji, damina ce suna kan tudu, muka same su suna cin ganye a gefen gonar gero. Inna ta yi cinikin kuɗin jagoran har sai da yaron ya ce, “Hajiya, ke ’yar Maraɗi ce ko?”

Da muka dawo, tabarmar bayan isha'i ta sauya mai magana. Maƙwabta suna shigowa sannu da zuwa, Inna tana kwance bakin zane tana nuna goron, tana kwatanta masunta masu hawan falanki. In Baba ya sa baki sai ta ce, “A'a Malam, ba haka aka yi ba,” shi kuma ya ce, “To ku tambayi Innarsu, ita ta fi ni riƙewa.” Kafin rani ya yi ta tara matan unguwa, kowa ta ba da kuɗin mai, Yaya ya kwashe su zuwa Madarunfa. Kilomita 25 ne ko ƙasa da haka, kuma a cikinsu akwai waɗanda aka haifa a Maraɗi suka yi jikoki ba su taɓa ganin tafkin ba.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, Gwaggo ma ta bi shi. Hanyar Torodi da Kancari da muka bi muna cin kilishi, yau ba mai ɗaukar yara ya bi ta don nishaɗi, Kure ma tun harin 2020 ba kamar da ba. Inna tana nan, gwiwa ta fara ciwo. Kwanan baya wani Buzu mai kawo mata cuku ya ba ta labarin Timiya, cikin duwatsun Ayar, inda ruwa ke zubowa daga dutse ya taru a ƙasa, ga lambunan lemu da rumman a tsakiyar hamada. Ta kira Yaya ta ce ya tambayo mata kuɗin mai zuwa Agadas. Ya ce mata hanyar Tawa ta lalace, kuma sai da rakiya ake shiga dutsen. Ta ce ta ji, shi dai ya tambayo, ta riga ta gaya wa uwar adashi a ba ta kwasar ƙarshe.